Burtalin da Baba Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinsa na Dugabau, kansa a kan cinyar Inna. Ni ina gidan aurena a Gwarzo waya ta same ni. Na baro tukunya a kan murhu, na zo na tarar an riga an fita da shi. Ban ga fuskarsa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Na sha zuwa gaisuwar mutuwa, na san yadda take tafiya. A shigo, a durƙusa, a ce ya haƙuri, a yi addu'a, a ɗan taɓa zancen tsadar masara, a tashi. Ta Baba ba haka ta kasance ba. Kowa ya shigo da labarinsa a baki, kuma ba ya fita sai ya sauke shi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Unguwar Tudu, tun daga zaure muka jiyo ta tana cewa, "Wayyo ni, yanzu wa zai ƙara ce mini sarkin mita?" Wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ban ma san ta san shi ba, ta zauna ta ce shekarar da ɗakinta ya rushe da damina shi ya tara samari, ya tuɓe riga ya shiga kwaɓa ƙasa tare da su. Liman ya aiko a gaya wa Inna cewa sahun gaba ya yi giɓi. Wani kuma da suka daɗe ba sa ga maciji da Baba saboda rikicin iyakar gona, an ce ya zauna a ƙofar gida yana share ido da bakin rawani, yana cewa, "Mutumin nan taurin kai gare shi, amma bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Rana ta biyu matan unguwar Fulani da ke bayan gonarmu suka shigo a jere, kowace da ƙwarya a ka, nono da man shanu. Babbarsu ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, ku kun yi rashin miji da uba. Mu kuwa ba mu ma san abin da za mu kira namu rashin ba." Inna ta dube ta, ta ce Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba, shi ne Baffa. Ba ɗan'uwan Baba ba ne na jini, amininsa ne, dattijon waccan unguwa ta Fulani, amma mun buɗe ido muna ce masa Baffa. Kullum zai zo ya zauna a kusurwar zaure, sandarsa a kan cinya, har a yi la'asar ya tashi. Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, ya sa aka kira ni da Yaya, babban wanmu. Muka durƙusa muka gaishe shi. Sai ya ce, "'Ya'yana, tambaya gare ni. Gobe a koro shanun ta nan, ko a zagaya?"

Na ce, "Haba Baffa, wace irin tambaya ce wannan?"

Ya ce, "Mai hanyar ya tafi, 'yata. Ba a bin gonar mutum da izinin mamaci."

Na juya ina jiran Yaya ya ce abin da kowane ɗan Baba zai ce. Sai na ji ya ce, "A ci gaba da bi, Baffa, har a raba gado. Bayan nan kuma sai abin da Allah Ya yi." Baffa ya gyaɗa kai ya ce ya gode. Ni kuwa na san Yaya, na kuma san abin da yake nufi.

Ga wanda bai san gonarmu ba, bari in yi bayani. Ta gefen yamma akwai wata hanya da ta ratsa ta tun daga sama har bakin rafi, faɗinta ya isa shanu uku su jera, an shinge ta dama da hagu da bini-da-zugu. Ta nan shanun unguwar su Baffa suke gangarawa su sha ruwa safe da yamma. Mutane suna ce mata burtalin Malam. Ba hukuma ce ta yanka ta ba, ba ta cikin takardar kowa. Cikin gonar Baba take, shi ya cire ta daga abin da yake nomawa ya bar wa shanu. Idan aka toshe ta, babu wata hanyar ruwa sai a zagaya ta kan kwalta, inda motoci ke gudu kamar ana korar su, ko kuma a kutsa cikin amfanin mutane. Kowa a Dugabau ya san inda wannan yake ƙarewa: ko su Baffa su sayar da shanun da suka gada, ko su tashi daga garin da aka binne iyayensu.

Abin dariya, da faɗa aka fara. Ban ga wannan ba, lokacin Inna tana goyon Yaya, amma na ji labarin daga bakin Baba da Baffa har na haddace shi. Wata kaka, dawa ta yi kai ta sunkuya, shanun Baffa suka afka gonar Baba suka yi mata kaca-kaca. Baba a lokacin zuciya gare shi kamar busasshen kara. Ya kama maraƙi ɗaya ya jawo shi har cikin gida ya ɗaure a turken jaki. Uwar maraƙin ta biyo su ta tsaya a ƙofar zaure tana kuka, wuni guda ba wanda ya ji kiran salla sosai a unguwar. Da Baffa ya zo karɓar abinsa, ko gaisawa ba a yi ba suka sarƙe da kokawa. Wa ya ka da wani? Nan ne labarin yake rabuwa biyu. Baba ya ce ya ɗaga Baffa ya maka shi da ƙasa har hularsa ta faɗa kwata. Baffa ya ce shi dai ya tuna yana zaune a kan ƙirjin wani Bahaushe yana jiran a zo a roƙe shi. Inna, wadda ta leƙo ta kan katanga, ta ce su biyun tare suka faɗi cikin turɓayar awaki, kuma babu wanda ya tashi da mutunci.

Dattawa suka zauna, suka ce Baffa ya biya ɓarna. Baffa ya ce zai biya, amma yana roƙon a zo a nuna masa ta inda zai bi gobe. Aka ɗunguma aka tafi duba tsohon burtali na kaka da kakanni. Aka tarar babu shi. Kowace damina garmar wannan ta ɗan ƙara shiga, ta wancan ta ɗan ƙara shiga, har ya zama ko jaki da mangala ba zai wuce ba. Baba ya ce da ya tsaya ya duba da kyau, sai ya ga nasa gefen ya fi na kowa ci. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Washegari ya ɗauki gatari da sungumi, ya sassare dawarsa da ta rage a gefen yamma, ya kafa turaku, ya aika a gaya wa Baffa ya koro shanunsa. Kuɗin ɓarnar ma bai karɓa ba. Har ya tsufa idan aka yabe shi a kan wannan sai ya ɓata rai ya ce, "Kayan mutane na mayar, me ye abin yabo?"

Inna ba ta taɓa yafe masa wannan hanya ba. Inna 'yar Sabon Birni ce, gidan manoma na gaske, inda ko gefen rijiya ba a bari ba a soka kuɓewa ba. A wurinta barin ƙasa mai kyau shanu su tattake ta ta zama fako almubazzaranci ne. Kowace shekara idan hadarin farko ya haɗu, faɗan yake tashi, mun san shi kamar yadda muka san lokacin shuka. Tana tankaɗe za ta fara: "Malam, bana ma shanu za su ci rabon 'ya'yanka?"

Shi kuma yana gyara ƙotar fartanya zai ce, "'Yar Sabon Birni, an fara ke nan?"

"An fara. Mutum da bakuna cike da gida, ya yanki gona ya ba dabba. A garinmu da an kai ka a yi maka ruƙiyya."

"Shi ya sa ban auro garinku ba, ke kaɗai na ɗauko."

Shekarar da aka yi fari, hatsinmu ya ƙare tun kafin sabo ya nuna, faɗan ya wuce wasa. Inna ta yi kuka ta ce da an noma wannan yanki da yanzu akwai ko dami biyu a rumbu. Baba bai musa ba. Ya ce, "Gaskiyarki. Amma ba zan rufe ba." Suka yi kwanaki ba ta ce masa komai sai ga abinci, ga ruwa. Ni na gaji bakin Inna, kowa ya shaida, kuma a wancan lokaci bayanta nake. Sai da na girma na ga cewa duk faɗan nan Baba bai taɓa ɗaga mata murya ba, ita kuma ba ta taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba.

Yadda yake son ta kuwa, ba a baki yake ba. Idan ya je kasuwar Gwarzo zai manta gishirin da aka aike shi, amma ba zai manta ƙullin alewar madara da take so ba, ya miƙa mata a ɓoye kamar mu ba mu da ido. Da gwiwoyinta suka fara ciwo, shi yake hura wuta ya ɗumama mata ruwan alwala lokacin sanyi. Wata rana Gwaggo ta kama shi a gindin murhu yana fifita wuta da murfin kwano, ta tafa hannu ta ce, "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina! Yaya, an shanye ka." Ya ce, "Sarkin mita, in kin gama ki miƙo mini icen can."

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk wanda ya zauna da shi ya sani. Baba ba ya sauraron ƙara daga bakin mai jin yunwa. Ka zo a fusace, jijiyar wuya a tashe, kana cewa wane ya yi maka kaza, zai ɗaga hannu ya ce, "Ci tukuna." Ko ɗumame ne, ko fura, ko gyaɗa soyayya, sai ka ci sannan ka yi magana. Ni kaina na sha wannan. Farkon aurena na taɓa yin yaji, na taho daga Gwarzo da ƙullin kayana, na shigo ina kuka ina rantsuwa ba zan koma ba. Ya ce a zubo mini dambu. Na ce ba na ci. Ya ce to shi ma ba ya ji. Don haushi na zauna na cinye kwanon tas. Da na buɗe baki zan zayyana laifin maigidana, sai na ji rabin abin ya bi dambu. Amma sauran rabin ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba. Da ya mayar da ni, ya ja surukin nasa gefe. Ban san me ya gaya masa ba, na dai san abin da ya kawo ni bai sake faruwa ba.

Da Yaya kuwa abin ya fi tsauri. Yaya manomi ne na haƙiƙa, ya fi Baba iya noma, Baba da kansa yana faɗa. Shi ya kawo injin ban-ruwa gidanmu, shi ya fara tumatir da albasa a bakin rafi da rani. Kuma gaskiya ita ce burtalin ya ratsa ta daidai inda ya fi kusa da ruwa. Wata damina, Baba yana fama da zazzaɓi, Yaya ya matsar da shingen ciki kaɗan, ya shuka layi biyu na gyaɗa. Baba ya warke ya fita zagaya gona, ya gani. Bai kira kowa ba. Ya sunkuya ya bi gyaɗar nan yana tugewa ɗaya bayan ɗaya, ta riga ta yi fure, ya tara ta a bakin hanya shanu suka cinye. Yaya, magidanci da 'ya'yansa, ya tsaya yana kallo idonsa jajir. Baba ya ce masa, "Da layi biyu muka cinye na farko." Yaya bai mayar da magana ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba, amma abin bai bar zuciyarsa ba. Ba na ganin baƙinsa. Shi ne mai ciyar da gidan, ƙannenmu maza suna tasowa da nasu iyalin, gonar kuma ba ƙaruwa take ba.

Jikoki su ne suka ci moriyar tsufansa. Mutumin da muke jin takunsa mu nutsu, sai ga shi 'yan jikoki mata suna cire masa hula suna cewa ba sa son tsohon miji mai furfura. Shi kuma yana cewa, "Ku tafi can, na sake ku duka, ko fura ba ku iya damawa ba." Mazan yana ce musu ɓarayin goro. Aljihunsa na dama na goro ne, na hagu na dabino, duk sun san wannan. Idan na kawo nawa hutu, da yamma zai kwashe su zuwa bakin burtali su tsaya bayan shinge suna kallon shanu suna wucewa, yana nuna musu wacce ce mai faɗa, wacce ce mai ciki, wacce ce jikar jikar saniyar da ta taɓa yi masa zaman dirshan a ƙofar gida. Ko gaskiya ne ko ƙari, Allah masani.

A bakin wannan hanya akwai wata tsamiya, nan ne fadarsa shi da Baffa. Tsofaffi biyu, buzu ɗaya, rediyo ɗaya, ba abin da suke yi sai tsokanar juna. Baffa ya ce, "Kaɗo, dawarka ta bana kamar gashin tsohuwa." Baba ya ce, "Ai takin shanunka ne ya lalace, sun koyi rowa wurin mai su." Da rani shanun Baffa a gonarmu suke kwana su zuba taki, da kaka karan dawarmu da harawa can suke tafiya, ba a taɓa yin ciniki ba. Ranar da matar Baffa ta rasu, Baba ne ya shiga kabari ya karɓe ta tare da 'ya'yanta. Da aka zo aurar da ni, Baffa ne ya karɓi waliccina, domin Baba ya ce ba shi da ɗan'uwan da ya fi shi. A shekarun nan da ake ta jin tashin hankali tsakanin manoma da makiyaya a wasu wurare, idan baƙo ya kawo zancen a gindin tsamiya, Baba yakan nuna Baffa da haɓa ya ce, "Mu mun yi namu tun muna da ƙarfi, mun gaji."

Kada in mayar da shi waliyyi, zai ji haushi. Baba yana da taurin kai na ban mamaki. Idan ya ce a'a, ko duk garin za a tara ba ya sauyawa. Asibiti sai da Baffa ya yi masa barazanar daina zuwa gindin tsamiya sannan ya yarda aka kai shi Gwarzo, can ma ya addabi ma'aikata da tambayar yaushe za a sallame shi, wai gero yana jiran sa. Maganin da aka ba shi rabi yake sha, ya ce sauran na gobe. Ba ya iya cewa na gode ga 'ya'yansa, sai dai ka ji a bakin wani cewa ya yabe ka.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarsa, na same shi a kan tabarma a inuwar ɗaki, ya rame, amma idon nan yana nan. Na ga inda abin ya dosa, kuma ni ba na iya riƙe magana. Na ce, "Baba, ka kira Liman da shaidu ka yi wasiyya a kan burtalin nan. Ka san halin da ake ciki."

Ya ce, "Na sani."

"To me ya hana?"

Ya ce, "Ina raye na tilasta musu, sun bi don ba yadda za su yi. In na mutu ma in ci gaba da tilasta musu? Ranar da na tafi gonar ta zama tasu. Kowa ya yi abin da zai iya kwana da shi." Na ce wannan ba magana ba ce, na faɗa masa har da ɗaga murya. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai 'yar uwarki ce." Wannan ita ce hirarmu ta ƙarshe.

Bayan sadakar arba'in aka sa ranar rabon gado. Kafin ranar na yi iya yina. Na sami Yaya na yi masa magana da lalama, na yi da faɗa. Ya ce, "Ke a Gwarzo kike, ba ke kike auna hatsin gidan nan ba. Ina girmama Baffa, Allah Ya sani. Amma ni ma 'ya'ya gare ni." Ƙannenmu maza duk bayansa suke. Na ce to a sa burtalin cikin kasona. Aka nuna mini cewa kason mace a cikinmu, da yawanmu, ko rabin tsawon hanyar ba zai rufe ba, ƙasan da ke bakin rafi kuma Yaya ya riga ya ce nan yake so. Inna kuwa ko tunkararta ban yi ba. Tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta doguwar magana. Ban da haka ma, wa ya kai ta ƙin wannan hanya? Na ɗauka idan ta buɗe baki, rufewar ce za ta zo da wuri.

Ranar ta zo. Malamin da zai raba ya iso da safe da igiyar awo, da Kawu, ƙanen Inna, da dattawa biyu na unguwa. Baffa bai zo ba, ya ce ba huruminsa ba ne. Kafin a tafi gona aka tsaya a ƙofar ɗakin Inna, tana ciki bayan labule, mu mata muna zaune tare da ita. Malam ya yi sallama, ya yi wa mamaci addu'a, ya ce, "Hajiya, kin san shari'a ta ba ki tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, kafin 'ya'ya su raba sauran. Yaran sun yi shawara a fitar miki da naki a kusa da gida, inda ƙasar ta fi kyau, don kada ki wahala."

Inna ta ce, "Allah Ya yi musu albarka. Amma ba nan nake so ba."

"To ina kike so, Hajiya?"

"A fara aunawa daga bakin burtali, a bi shi har rafi. In tumunin bai cika ba a cika mini da gefensa."

Kawu ya matso ya ce wa yayarsa, "Yaya, kin kuwa san abin da kike faɗa? Wurin nan fako ne, ko ƙaya ba ta fitowa. Me za ki ci a ciki?"

Ta ce, "Na fi ka sanin fako ne. Ni na fara faɗa."

Yaya ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, ke ce fa kullum kike cewa shanu suna cin rabonmu. Tun ina yaro nake jin ki. Ni maganarki na ɗauka."

Ina kusa da Inna, ina ganin yadda take murza carbi. Sannan ta ce, "Na faɗa, kuma har gobe ina ganin gaskiyata ce. Amma da shi nake faɗan, ba da kai ba. Tun kana bayana nake jayayya da mutumin nan a kan hanyar nan, kowace damina, bai taɓa bari na ci shi ba. Yanzu da ba ya iya ba ni amsa ne zan ci shi? Ban yi wannan rashin kunyar ba."

Malam ya ce wannan sai da yardar magada, tunda an riga an nuna sha'awar bakin rafi. Duk ido ya koma kan Yaya. Ya sunkuyar da kai, ya sa hannu ya share fuskarsa, ya ce, "Malam, a auna mata."

Suka ɗauki igiya suka fita. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Ya ba Yaya ninkin abin da ya bari, domin na san abin da ya bari ɗin.

Da takunsu ya yi nisa, Inna ta ce kowa ya ba ta wuri. Ina ƙoƙarin tashi ta riƙo bakin zanena. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki aika a gaya wa Baffanku ya daina tambaya." Sannan ta juya fuskarta bango, ta ce, kamar Baba yana jin ta, "Malam, ka ci." Ta fashe da kuka.